Gwazar ado barci take yi



Iska ta juya. Duk wanda ya fita sallar asuba a 'yan kwanakin nan ya ji ta a jikinsa. Leɓe ya fara bushewa, hazo ya fara sauka, manoma na ta ɗaurin dawa suna kaiwa gida. To a daidai irin wannan lokaci, kowace shekara, akan yi wata asara a gidajenmu wadda ba a sa ta a lissafi, kuma ita ce ta kawo ni yau. Sai ka ga an ɗauki tukunyar fulawa, da ƙasarta da abin da ke cikinta, an juye a bola, wai shukar ta mutu, alhali kuwa da ranta.

Shukar da nake nufi kun san ta, ko da ba ku riƙe sunanta ba. Ganyenta faffaɗa ne, mai siffar zuciya, a kan dogon kara siriri. Wani tsakiyarsa ja wur, gefensa kore shar. Wani fari fat, sai jijiyoyinsa kore kamar an zana su da alƙalami. Wani kuma ɗigo-ɗigo ne, ja da fari, sai ka ce yaro ya yarfa masa fenti. In ka sa hannu a bayan farin ganyen nan ka ɗaga shi ga haske, kana hango inuwar yatsunka saboda rashin kauri. Masana tsirrai kaladiyum suke ce mata. Ni kuwa gwazar ado nake kiranta, kuma ba da ka na yi ba. Ita da gwazarmu ta ci da makani 'yan gida ɗaya ne. Har ma sunan nan kaladiyum, Bafaranshen da ya raɗa shi wajen shekarar 1800, wani mai suna Ventenat, daga bakin mutanen Maleshiya ya aro shi, inda suke cewa keladi, wato gwaza. Saboda haka duk wanda ya taɓa ganin yadda ake noman gwaza a fadama, ya riga ya ci rabin karatun.

Bara waccan, cikin watan Janairu, na je gaida yayata. Ina shiga tsakar gida na hangi wata tukunya a bakin ƙofa kusa da kwandon shara, ba komai a cikinta sai busasshiyar ƙasa da wasu karare da suka yanƙwane kamar tsohuwar igiyar rama. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ta ce, "Ƙyale ta, Auta, fitar da ita za a yi. Da damina na saye ta, duk wanda ya shigo gidan nan sai ya tanka. Kaka na yi ta fara langaɓewa. Na ƙara mata ruwa safe da yamma, har taki na sa mata. Ƙarshe dai na gaji na zuba mata ido." Na roƙi tsohon buhu na shimfiɗa, na kifar da tukunyar a kai, na dinga murje ƙasar da hannu. Dunƙule uku na samu. Na farko ina taɓa shi ya lotsa, ruwa mai wari ya fito. Wannan kam ya tafi, kuma ruwan safe da yamman nan ne ya kashe shi. Sauran biyun kuwa, girman ƙwan zabo, masu launin ƙasa, samansu da 'yan ƙuraje-ƙuraje, tauri kamar goro. Na miƙa mata ɗaya na ce ta matsa. Ta matsa, ta jujjuya shi a tafin hannu, ta ce, "Ikon Allah! Wato da na zubar da abu da ransa." Gajiyar da ta yi ta daina ba su ruwa, ita ce ta cece su.

Dalilin wannan hali nata yana can inda ta fito. Gwazar ado 'yar Kudancin Amurka ce, musamman Birazil da yankin kogin Amazon. A can takan fito a bakin rafuka da 'yan sararin da ke tsakanin itatuwan kurmi, inda akwai ɗumi da laima, rana kuma ba ta isowa gare ta sai ta ratso ganyayen sama. Idan rani ya zo ruwa ya ja baya, sai ta janye abincin da ke ganyenta ta tara shi a dunƙulen da ke ƙarƙashin ƙasa, ganyen ya bushe, ita kuma ta kwanta jiran ruwa. Haka Allah ya halicce ta. An ɗauke ta an kai Turai, an kai Asiya, an kawo ta Afirka, har ta zama ciyawar da ke fita da kanta a gonakin kudancin Najeriya, amma babu inda ta saki wannan ɗabi'a. Ko a falo mai tayil ka ajiye ta, lokacin barcinta in ya yi sai ta kwanta.

Mutanen da suka fi kowa sanin wannan su ne waɗanda abincinsu ke jikinta. Masu lambun Faransa, irin su Alfred Bleu, sun fara haɗa ire-irenta don fitar da sababbin launuka tun shekarun 1860. A 1893 aka baje kolin wasu daga Birazil a babban bikin nune-nunen duniya na birnin Shikago, daga nan wani mai nazarin tsirrai, Henry Nehrling, ya duƙufa a kan renonta a jihar Fulorida. Yau akwai wani ƙaramin gari a wannan jiha, ana ce masa Lake Placid, wanda mafi yawan dunƙulen gwazar ado da ake sayarwa a duniya daga gonakin kewayensa suke fitowa. Har biki suke yi mata duk shekara a ƙarshen watan Yuli, lokacin da gonakin ke zama ja da fari iyakar ganin ido. To ku saurari kalandarsu. Suna shukawa a Afrilu da Mayu. Daga Nuwamba su fara tonewa, su wanke, su busar, su adana a ɗakuna masu ɗumi har sai zafi ya dawo. Shuka da shigowar ruwa, tonewa da kaka, ajiya da hunturu: ai wannan kalandar manominmu ce. Su da suke da kuɗi da injuna da masana ba su ce sai sun hana ta barci ba. Mu ne muke tsaye a kanta da buta a watan Disamba muna cewa sai ta tashi.

A ƙasar Tailan ma suna girmama ta ƙwarai, bon si suke ce mata, kuma lokacin kullen korona a 2020 da 2021 sha'awarta ta kama mutane a can da Indunusiya har farashin wasu ire-irenta ya yi tashin gwauron zabo. Wannan dai na faɗa ne don a san abin da ake juyewa a bola yana da daraja a idon duniya.

Kafin in shiga maganar reno, akwai gargaɗin da ba zan jinkirta ba, domin ya shafi rai. Na ce 'yar'uwar gwaza ce, amma kama da wane ba ta wane. Gwazar ado ba a cinta, ko ganye ko dunƙule. Kun san ƙaiƙayin nan da ɗanyar gwaza ke sawa a hannu da maƙogwaro in ba ta dahu sosai ba? Wasu 'yan ƙananan allurai ne na wani sinadari da ake kira kalshiyam okzalet, ido ba ya ganinsu, suna cikin ruwan jikin shukar. Gwazar ado cike take da su. Yaro mai rarrafe in ya tsinki jan ganyen nan ya kai baki, nan take bakin zai ɗau zafi, yawu ya dinga dalala, leɓe da harshe su iya kumbura. In haka ta faru, a share masa bakin da tsumma mai tsabta, a kuskure da ruwa, a ba shi ruwan sanyi ko madara kaɗan-kaɗan in yana iya haɗiya. Kada a ɗura masa manja, kada a tura masa yatsa don ya yi amai. In kuwa harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, asibiti kai tsaye, ba jira. Kyanwa da akuya da ɗan rago ma haka take yi musu. Gidan da ke da ƙananan yara, a ɗora tukunyar inda hannu ba ya kaiwa. Sannan ga wani haɗari da ya shafe mu musamman, mu da muke cin gwaza: dunƙulenta in an tone shi yana kama da 'ya'yan gwaza ƙanana. Don Allah kada a adana shi a madafi ko a ɗakin ajiyar abinci, inda wata za ta gani ta ɗauka cefane ne ta jefa a tukunya.

To yanzu, tunda muna kan gaɓar, me ya kamata a yi a makonnin nan?

Idan kun ga ganye ya fara sunkuyawa, launinsa yana dusashewa, sabon toho ya daina fitowa, sai ku fara janye ruwa. Mai ba ta kullum ya koma bayan kwana uku, daga nan sau ɗaya a mako, daga nan ya daina. Taki kuwa a tsayar da shi gaba ɗaya. Kada kuma a sa almakashi a yanke ganyen don ya yi muni, muddin da sauran kore a jikinsa, domin guzurin baɗi ne yake saukewa ƙasa. A bar shi ya bushe har ya zama in an ja shi a hankali ya rabu da kansa.

Wadda ke cikin tukunya ba ta da wahala. A ɗauke tukunyar yadda take a shigar da ita ɗaki, wuri busasshe, a manta da ita. Wadda aka shuka a ƙasa kuwa, sai a duba makwancinta. Mu nan arewa ba a ruwan sama da rani, saboda haka in wurin zai zauna a bushe tana iya kwana a inda take. Matsalar ita ce yawancin lambunan gida kullum ana ba su ruwa saboda sauran fulawoyin da ke kusa, wasu kuma suna bakin makwararar ruwan wanke-wanke. Sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa in suka haɗu a kan dunƙulen da ke barci, ruɓewa ce kawai. In haka wurinku yake, ku tone. A sa hannu ko ƙaramar fartanya daga nesa-nesa don kada a sare shi. A shanya a inuwa kamar mako guda, a kakkaɓe ƙasar ba tare da an wanke ba, sannan a jera a kwando ko kwali, a rufe da ɓuntun shinkafa ko garin katako ko busasshen yashi. Ban da leda, domin leda na sa gumi, gumi kuma na kawo ruɓa. Ban da firji, ko kusa. Wannan dunƙule ba ya son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, kuma daren Disamba da Janairu a Kano da Katsina da Zariya yakan sauka ƙasa da haka, a Jos ma har ƙasa da 10 a wasu darare. Don haka cikin ɗaki ya fi, a kan wani abu, ba a kan siminti tsirara a waje ba. A kula da gara, tana son kwali. Sau ɗaya a wata a buɗe a matsa kowanne, wanda ya yi laushi a fitar da shi kada ya shafa wa sauran.

Wani ɗan abu da na koya bayan na sha ruɗewa: in ganye ya tafi, dunƙulen ja da na fari ba su da bambanci a ido. Tun kafin ganyen ya gama bushewa a ware su, ko a ɗaura wa kowane kwando zare mai launin abin da ke ciki.

Sai kuma tashi daga barci. A nan ma gaggawa ce ke ɓata mana aiki. Zafi na shigowa a watan Maris sai mutum ya ɗauka lokaci ya yi. Gaskiya ne tana son ƙasa mai ɗumi, daga digiri 21 zuwa sama, amma bazararmu zafi ne busasshe, a Sakkwato da Maiduguri da Kano yana haura 40, iska kuma ba laima ko kaɗan. Ganyen da ya fito a irin wannan yanayi gefensa ƙonewa yake yi tun bai gama buɗewa ba. Ni shawarata a jira sai iskar damina ta fara kaɗawa, an fara jin gumi a jiki, hadari ya fara haɗuwa a gabas. A Abuja da kudancin Kaduna wannan na zuwa tun Afrilu, can arewa kuwa sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. In ta riga ku, kuka ga tsiro ya fito da kansa, to ba laifi, a shuka ta a ajiye a inuwa mai kyau a fara ba ta ruwa kaɗan-kaɗan.

Ƙasar da take so ita ce mai riƙe danshi amma ba ta riƙe ruwa. Ni kashi uku nake haɗawa daidai wa daida: baƙar ƙasar lambu, da takin shanu ko ganyen da ya ruɓe sosai har ya daina wari, da yashi ko tsohon ɓuntun shinkafa. Gwajinsa a hannu yake. A jiƙa kaɗan a dunƙula. In ta haɗu, kuma da ka dangwale ta da yatsa ta warwatse, ta yi. In ta manne kamar yumɓun maginin tukwane, a ƙara yashi. Tana son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, shi ya sa ƙasar juji ba ta karɓe ta ba, saboda yawan tokar murhu da ke ciki. Tukunya kuwa, ta ƙasa ce ko ta roba ko tsohon bokitin fenti, dole a huda gindinta. Tukunyar da ba ta yoyo kabari ce ga wannan shuka.

Ku dubi dunƙulen da kyau kafin ku binne. Gefen da ke da ƙuraje-ƙurajen nan shi ne sama, nan idanunsa suke. Gefen da ya fi sulɓi shi ne ƙasa. Saiwoyinta ma daga saman suke fitowa, su zagayo, don haka kada a bar shi a fili-fili. Zurfin santimita 4 zuwa 5, wato kamar gaɓa biyu ta yatsa. A lambu a bar taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi tsakanin wannan da wancan. Masu sana'ar suna da wata dabara: a tsakiyar dunƙulen akwai babban ido guda, in aka bar shi yakan danne sauran, ya fitar da manyan ganye 'yan kaɗan. In aka sa bakin wuƙa aka ƙwaƙule shi kaɗai, sai ƙananan idanun da ke kewaye su farka, tukunya ta cika da ganye, kamar dai yadda bishiya ke yin rassa in an sare kanta. Amma a yi a hankali, garin gyaran gira kada a rasa ido. Mai son ya yawaita iri kuma yana iya yanka babban dunƙule gida biyu ko uku, kowane yanki da idonsa, ya barbaɗa toka a wurin yankan kamar yadda manoman doya ke yi, ya bar shi a inuwa kwana biyu ko uku ya bushe kafin ya shuka. A sa safar hannu ko leda, ruwan yana ƙaiƙayi.

Daga nan sai haƙuri. Wata takan fito a mako uku, wata sai ta kai wata biyu. Kada a dinga tonawa ana leƙawa. Ranar da za ta fito, za ka ga wani abu mai tsini ya huda ƙasa, a naɗe tsaf kamar takardar laya. Cikin 'yan kwanaki kara ya miƙe, naɗin ya warware, launi ya bayyana. Na sha ganin wannan, amma har yau in na gan shi da sassafe sai na tsaya na yi tasbihi.

Maganar rana ita ce ta fi ruɗa mutane, domin mun saba cewa shuka rana take so. Wannan 'yar gindin itace ce. Hasken safiya na awa biyu ko uku ya ishe ta, sauran yini a inuwa mai haske. Gindin mangwaro ko darbejiya, ko jikin katangar da ke kallon gabas, ko bakin rumfa, duk sun yi. Masu farin ganye, irin wadda ake kira Candidum, su suka fi saurin ƙonewa. Sai ka ga tabo ruwan ƙasa a tsakanin jijiyoyi, daga baya ya huje. Masu ja da kauri, irin su Red Flash, da masu siririn ganye irin su Florida Sweetheart, sun fi jure rana. Sannan a lura da abubuwa biyu na daminarmu. Guguwar farkon ruwa tana yayyaga ganyen, don haka a nemi wurin da gini ke kare iska. Kuma kada a ajiye ta ƙarƙashin indararo. Ruwan dare ɗaya ya isa ya kwantar da ita. A watan Agusta kuwa, lokacin marka, wadda ke ƙasa in wurin na kwanciyar ruwa ne gara tun farko a yi mata kunya a shuka ta a sama.

Cikin ɗaki fa? Zan faɗi gaskiya: tana zama a ɗaki, tana kuma ƙawata shi fiye da yawancin fulawoyi, amma baƙuwa ce ta wata biyar ko shida, kuma tana da sharuɗɗa. Tana son kusa da taga mai haske, da labule marar kauri tsakaninta da rana. In ɗakin ya yi duhu za ku ga karan ya yi tsawo ya rame yana faɗuwa, launin ya koɗe. Takan karkata wajen haske, sai a dinga juya tukunyar duk bayan 'yan kwanaki. Babban abokin gabarta a falon zamani shi ne na'urar sanyaya ɗaki, domin sanyi da bushewar iska take kawowa a tare, wato hunturu a tsakiyar damina. Gaban fanka ma ba wurinta ba ne. In iskar ɗakin ta bushe, a zuba tsakuwa a faranti, a zuba ruwa, a ɗora tukunyar a kan tsakuwar yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba, ko a tara tukwane da yawa wuri guda su taimaki juna. Amma duk cikin gidan Bahaushe ban ga wurin da ya karɓe ta kamar gindin randa ba. Inuwa ce, ga haske, ga danshin da randa ke fitarwa dare da rana. Ta yayata can muka mayar da ita, kuma a daminar nan da ta wuce dunƙule biyun nan sun zama biyar.

Ruwa kuma yatsa ne alƙali. A tura shi cikin ƙasa gaɓa ɗaya. In an ji bushewa a ba ta har ya fito ta gindi, a zubar da wanda ya taru a faranti. In an ji danshi a bari sai gobe. Ruwan sama ya fi mata na rijiyar burtsatse, musamman inda ruwan ke barin farin tabo a jikin buta. In da safe kuka ga ɗigon ruwa a tsinin ganye, ba ciwo ba ne, rarar ruwa take fitarwa. Taki kuwa ɗan kaɗan: abin da yatsa uku suka ɗauka na takin zamani, sau ɗaya a wata, a gefen tukunya nesa da kara. Yuriya in ta yi yawa sai farin ganye ya koma kore, ka ga an kashe abin da aka saye ta dominsa. Ɗanyen kashin kaji kuma ƙona saiwa yake yi.

Wani lokaci za ta fitar da fure, wani abu kamar kunne a naɗe da ɗan sanda a ciki. Ba shi da wani kyau, kuma ƙarfin ganye yake ci, a tsinke shi. Ƙwari ba su cika damunta ba. Fara da tsutsa da dodon koɗi a tsince su da hannu. Kaji ne ma suka fi ɓarna, da tonon ƙasa. A ɗaki in iska ta bushe wasu ƙananan ƙwari kan yi saƙa kamar ta gizo-gizo a bayan ganye, sai a wanke da ruwa a hankali. Duk maganin da za a fesa, ko ruwan sabulu ne ko na darbejiya, a fara gwadawa a ganye ɗaya a kwana biyu a gani, don fatarta ba ta da kauri.

Ina da magana da 'yan'uwanmu masu sayar da fulawa a bakin titi, a Kano da Kaduna da Abuja da Jos da sauran garuruwa. Na san wahalar sana'arku, na san jan ruwa da dakon ƙasa da zama a rana. Kuma na san gwazar ado a watan Yuli da Agusta ita ke tsayar muku da mota. Amma da yawanku kuna miƙa ta ku karɓi kuɗi ba ku ce komai ba. Wata uku bayan nan ganye ya zube, mai saye ya ce an cuce shi, an sayar masa da marar lafiya, ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba. Kun yi asarar mai ciniki a kan magana ɗaya da ba ta kai minti guda ba. Ku ce, "Hajiya, wannan da kaka za ta kwanta, ki daina ba ta ruwa, ki shigar da ita ɗaki, da damina za ta tashi. Kuma a kula da yara, ba a kai ta baki." Shi ke nan. Wanda kuka gaya wa haka, baɗi in ya ga tsiron nan ya huda ƙasa, wurinku zai dawo neman mai wani launin, har ya jawo maƙwabcinsa.

Ni dai dunƙulen nawa guda tara ne bana. Jiya da yamma na tone na ƙarshe, suna shanye a kan buhu a inuwar zaure. Ranar Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu zan jera su a kwanduna biyu cikin ɓuntu, ɗaya da jan zare, ɗaya da fari, in ɗora a saman kabad inda yara ba sa kaiwa. Wanda kuma ya riga ya fitar da tukunyarsa bakin ƙofa, in ba a kwashe shara ba tukuna, ya je yanzu ya shimfiɗa buhu ya kifar da ita, ya sa hannu ya duba.